Me Ya Sa Shayina Ke Bauri?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni mai son shayi ce mai ƙarfi, wanda in na kurɓa zan ji na sha wani abu. Nakan zuba ganyen tun ruwa bai yi zafi ba, in bar shi yana ɓararraka wajen minti 10. Launi kam yana fita, amma bauri sai ya ɗaure min harshe, sukari cokali uku ba ya kashe shi. Ganyen ne ba shi da kyau, ko daga hannuna ne?
Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ƙyale ganye, ba ruwansa. Daɗewa a kan wuta ce ta cuce ki.

Ganyen shayi ba ya sakin abin da ke cikinsa gaba ɗaya. Ƙamshi da launi su ne na gaba-gaba. Sinadarin tanin kuwa, wanda irinsa ne ke sa ɗanyen ɗan itace ya kama baki, ba ya gajiya: muddin ganye na cikin ruwan zafi, fitowa yake ta yi. Kafin mintinki 10 ya cika, ƙamshin ya bi tururi ya gudu, an bar ki da bauri zalla. Ƙarfin da kike nema a yawan ganye yake.

Ga yadda nake nawa kullum da safe. Sabon ruwa nake ɗorawa, ba wanda ya kwana a buta ba. Yana tafasa sai in ɗauraye kofin da ɗan kaɗan don ya ɗau ɗumi, in zuba baƙin shayi cokali guda cike, in kwarara ruwan a kai, in kife ƙaramin faranti a baki. Minti 4 cif, kuma da agogon waya nake aunawa. Yarana har dariya suke min, wai Mama ta mai da shayi jarrabawa. Su yi ta yi. Ranar da na tashi kai ba daɗi, cokali biyu nake sakawa, amma mintin nan huɗu ba na ƙara masa ko daƙiƙa. Idan na ɗaga farantin, ruwan ya yi ja kamar garura, ana hango gindin kofi, ɗigon tururin da ya taru a farantin kuma cikin kofin nake mayar da shi.

Akwai ma ƙa'idar duniya, ISO 3103, wadda aka fara fitarwa a 1980: giram 2 na ganye ga mililita 100 na ruwa, minti 6. An yi ta ne domin masu ɗanɗanon shayi su gwada wannan da wancan. Na taɓa bin ta, bakina bai karɓa ba.

In na 'yar jaka mai zare kike sha, ki rage lokaci zuwa minti 2 ko 3. Ganyen ciki an niƙa shi ƙanana, yawancinsa irin wanda injina ke sarrafawa a Kenya da yankin Assam na Indiya, don haka nan da nan yake tsumuwa. Kuma don Allah kada ki matse jakar da cokali.

Koren shayi ya fi kowa raki. Itacensu ɗaya da baƙin, sarrafawa ce ta bambanta su, amma shi ba ya son tafasasshen ruwa. Ki sauke, ki bari ya huce zuwa kamar digiri 80, sannan ki ba shi minti 2. Farkon haɗuwata da shi dafa shi na yi yadda kike yi, na kurɓa na tofar, na jefa kwalin a shara ina cewa an sayar min da lalatacce. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Madara tana rage bauri, domin furotin ɗinta na riƙe tanin, sai dai ba ta dawo da ƙamshin da ya riga ya tafi. In kuma a filas za ki ajiye, ki tace tukuna, kar ko ɓurɓushin ganye ya bi shi ciki.