An rushe gidan gado don gina wurin shaƙatawa: me ya rage wa magada?

Hajiya, kin ce gidan kakanninku ya haura shekara 100, aka shafa masa jan fenti, ba a jima ba katafila ta bi ta kansa. Allah ya mayar muku da alheri.

Tsufan gida kaɗai ba ya kare shi a dokar Najeriya. Cikakkiyar kariya a dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa ce. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ya ba gwamna ikon soke mallaka domin amfanin jama'a, wurin shaƙatawa na kowa da kowa yana ciki. Kada ku ɓata kuɗi a wannan gaɓar.

Ƙarfinku yana wajen sanarwa. Jan fenti ba sanarwa ba ne, haka shela a rediyo. Dole ta zo a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, a miƙa wa mai gida ko a kai masa inda yake zaune. In ba a yi haka ba, sokewar ba ta inganta ba, kuna iya neman diyyar ɓarna a Babbar Kotun Jiha. Ku kuma sa ido a kan filin, domin a wata shari'a ta 1991 da ake kira shari'ar Osho, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da ƙwace fili don a ba kamfani mai zaman kansa.

Lissafin diyya ne ke da ciwo. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa kuɗin sake gini yake dubawa, sannan a cire na tsufa, don haka daɗewar da ta ba gidan daraja ita ce za ta rage muku kuɗi. Filin kansa, kuɗin ƙasa na shekarar kawai ake mayarwa. Ku ɗauki ƙwararren mai ƙiyasi naku, ku ba shi tsofaffin hotuna da awon harsashin ginin tun ba a baje shi ba, har ƙofar katakon da kuka tsamo daga ɓaraguzai. In kuɗin bai yi muku ba, sashe na 30 ya ce a je Kwamitin Rabon Filaye, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya buɗe muku ƙofar kotu.

Rashin takardar mallaka ba ya hana ku haƙƙi, sashe na 34 na Dokar Amfani da Ƙasa ya amince da gidan birni da aka gina kafin dokar ta fara aiki a 1978. Magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce, kuma kada kowa ya sa hannu a takardar karɓar kuɗi sai lauya ya karanta ta.