Na Koma Aji Da Goyon Wata Uku, Yaya Zan Yi Da Shayarwa?

Tambaya: Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta. Hutun haihuwata ya ƙare, 'yata wata uku, nono zalla take sha. Hedimasta ya ce ba a barin aji sai an tashi. Me ya kamata ya yi mini?

Amsa: Malama, Allah ya raya. Ba alfarma kike nema ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya kuwa awa biyu ake rage musu kullum har wata shida bayan sun dawo. Jihar Kaduna ma tun 2019 ta mai da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kan nono zalla.

Sai dai aji ba ofis ba ne. Ba ki da halin barin yara hamsin da alli a hannu ki ce ina zuwa. Shi ya sa a ganina maganarki duka tana kan jadawalin darasi, kuma jadawalin nan a aljihun hedimasta yake. Kada ki je masa da kuka, ki je da takarda: a sa miki darasin da ba ki da aji daf da fita tara, lokacin ya haɗu ya yi tsawo, a cire ki daga tsaron asambuli da darasin yamma, a faɗi sunan malamar da za ta riƙe miki aji. In mai raino za ta iya kawo yarinyar, a bar ta ta shigo.

Sai wurin shayarwa ko tatsar nono. Ɗaki mai ƙofa da kujera da ruwan wanke hannu, ko da sito ne aka share. Ban da banɗaki, don Allah.

Nonon da ya cika aka ƙi tatsa yakan kumbure ya sa zazzaɓi, ruwan kuma ya ja baya cikin kwanaki. Wanda kika tatsa a mazubi mai murfi yakan yi awa huɗu a wuri mai sanyi-sanyi, amma a zafin Afrilu kada ki yarda, ki saka shi cikin kula mai ƙanƙara.

In ya amince, ki roƙe shi ya sa hannu, saboda ana canza hedimasta.