Tambaya da Amsa: Me ya hana jirgin kwantena nutsewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da kayan babur ne a Tsohuwar Kasuwa, nan Sakkwato. Mukan haɗa kuɗi mu biyar mu ɗauko kwantena guda daga Sin. Ɗana ya gwada mani bidiyo a waya, wani jirgin ruwa wai shina ɗauke da kwantena 24,000. Ni dai na ce mai haɗin kwamfuta ne, don kwantenarmu guda tirela ke nishi da ita tun daga Legas. Mi ag gaskiyar magana? In gaskiya ne, mi as sa ba ya nutsewa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na bar wasiƙarka da Sakkwatancinta, don masu gyaran rubutunmu na Kano su ɗan sha wahala.

Yaron ne da gaskiya, sai dai akwai 'yar dabara a lissafin. Masu jiragen ruwa da ƙaramar kwantena suke ƙirga, mai ƙafa 20. Doguwar, mai ƙafa 40, wadda nake zaton irinta kuke ɗaukowa, biyu ake lissafa ta. Jirgin MSC Irina, wanda ya fara aiki a 2023, yana da wurin ƙananan kwantenoni 24,346, wato dogaye 12,000 da 'yan kai. Na zauna da biro na buga: kowace ƙarama ta ɗan haura mita 6, in aka jera su baki da gindi a kan kwalta za su kai kilomita 146 ko fiye. Ka ce daga nan Sakkwato har kusa da Birnin Kebbi. Tsawon jirgin mita 400 ne, saura ƙiris ya kai filin ƙwallo huɗu a jere irin na Giginya, faɗinsa kuma mita 61.

Batun nutsewa shi ne mafi sauƙi. Lokacin da nake koyar da aikin ƙarfe, nakan shiga aji da bokitin ruwa da ƙusa da kwanon sha. In jefa ƙusa ta nutse, in ɗora kwano ya zauna, alhali kwanon ya fi ƙusar nauyi. Duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani ruwan gefe don ya sami wuri, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin wanda aka ture. Wani Bagirke, Arkimidis, ya gano haka fiye da shekara 2,200 da suka wuce, masuntan Argungu kuwa da ke kwanciya a kan gora sun san shi a aikace ba tare da sun ji sunansa ba. Jirgi ƙaton kwano ne. In ya yi lodi, wajen mita 16 na jikinsa yana ƙarƙashin ruwa, tsayin bene mai hawa biyar ke nan da ba ka gani a bidiyon ba. Ruwan da wannan ɓangaren ya ture ya haura tan 250,000, shi ke riƙe da jirgin da kayansa.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ba ya karyewa. Ɗauki kwalin takalmi, ka cire murfin, ka kama shi ta gefe biyu ka murɗa, za ka ga ya bi hannunka. Mayar da murfin ka sake gwadawa, sai ya ƙi. To jirgin kwantena kwali ne marar murfi, domin dole a bar samansa a buɗe a riƙa zura kaya. Ga shi dogo: igiyar ruwa ta ɗaga tsakiyarsa, kai da gindi su rataya, can kuma ta ɗaga kai da gindi, tsakiya ta lotsa. Haka dare da rana, shekara ashirin ko fiye. Kai da ke sayar da wayar ƙarfe ka san abin da ke faruwa in aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Shi ya sa ake yi wa jikin bango biyu, a zuba ƙarfe mafi kauri a gefunan sama inda ja ya fi yawa. Kuma ba tsoron banza ba ne: a Yunin 2013 jirgin MOL Comfort ya rabu gida biyu a Tekun Indiya, duka ɓangarorin suka nutse, Allah ya sa an ceto ma'aikatan.

Koma ka kalli bidiyon, za ka ga benen matuƙa ba a can baya yake ba, an matso da shi gaba, injin kuma da bututun hayaƙinsa suna baya. Da a baya aka bar shi, tulin kaya zai tare wa matuƙi gabansa. Matsowar kuma ta ƙara ɗaure tsakiyar kwalin.

Shi kansa lodin ilimi ne. A cikin rami akwai dogayen ƙarafa a tsaye da kwantena ke bi ta sauka daidai a kan 'yar'uwarta. Na sama kuma ana kulle su ta kusurwoyi huɗu da wani makulli da ake murɗawa, a ƙara da sanduna. Masu nauyi ƙasa, marasa nauyi da fanko sama, wadda za a fara saukewa kada a binne ta. Kwamfuta ce ke tsara wannan, a daidaita sauran da tankunan ruwa da ke cikin jikin jirgin. Duk ɗan kamashon da ya taɓa loda albasa a Gada ya san dokar, girman ne kawai ya bambanta.

Yanzu ga inda za ka ji daɗi, tunda fistan ne abincinka. Injin waɗannan jiragen mai bugu biyu ne, dangin tsohon babur mai hayaƙi da ƙaramin janareta. Wanda aka sa wa jirgin Emma Maersk a 2006 silinda 14 gare shi, faɗin kowace santimita 96, fistan yana tafiyar mita biyu da rabi sama da ƙasa. Nauyin injin kaɗai tan 2,300, ƙarfinsa na doki 100,000 da ɗoriya. Amma juyinsa 102 ne kacal a minti, inda babur ke yin dubbai. Ba giya, ba kuloci, sanda guda ce daga inji zuwa farfela mai faɗin kusan mita 10. In ana son ribas, kashe injin ake yi a tada shi ta baya da iska mai matsi. Birki kuwa babu, sai ya ci kilomitoci kafin ya tsaya. Gudunsa duka bai wuce kilomita 40 da 'yan kai a awa ba, kuma galibi ba a kai shi nan, domin ƙarin gudu kaɗan yana jawo ƙarin shan mai mai yawa.

Dalilin girman kuɗi ne kawai. Tirela ɗaya da akori-kura goma za su iya kwashe kaya iri ɗaya, amma a tirelar direba guda za ka biya. Jirgin Ever Given, mai wurin kwantena 20,000, mutum 25 ne ke cikinsa. Harkar kwantena ta faro ne daga wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, wanda ya gaji da jiran 'yan dako suna sauke kaya buhu-buhu. A 1956 ya ɗora akwatuna 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston.

An kuwa tsaya a mita 400 ba don ƙarfe ya gaza ba. Tasha ce da mashigi ke yanke hukunci: zurfin ruwa, tsawon gaɓa, da iya miƙon injin ɗaga kaya. Ko sabbin ƙofofin mashigin Panama da aka buɗe a 2016 ba sa ɗaukar mai mita 400. Mashigin Suwes na Masar yana ɗauka, amma da ƙyar. Ranar 23 ga Maris 2021 iska ta bugi tulin kwantenonin Ever Given kamar ta sami bango, ya gitta a mashigin, kai a gaɓa guda gindi a ɗayar. Kwana shida ba shiga ba fita, ɗaruruwan jirage suna layi.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da kayan kicin a gida, a Mabera. Duk sanda kaya suka yi jinkiri, wanda ke yi mana oda sai ya ce matsalar Suwes ce. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, ba zan shiga tsakaninki da mai odarki ba, amma ki duba taswira. Suwes hanyar Asiya zuwa Turai ce. Jirgin da ya taso daga Sin kai tsaye zuwa Legas ta ƙasan Afirka ta Kudu yake zagayowa, ba ruwansa da Masar. Inda maganarsa za ta iya zama gaskiya shi ne in an fara kai kwantenar wata babbar tasha kamar Tanja a Maroko, a sauke ta jira ƙaramin jirgi. Tun ƙarshen 2023 kuma hare-hare a Bahar Maliya sun sa manyan jirage da yawa kauce wa Suwes, zagayen yana ƙara musu wajen kwana goma, kuma hakan yakan hargitsa jadawalin kowa.

Irin waɗannan ƙattin ba sa shiga Apapa da cikakken lodi, ruwan bai kai zurfin ba. Don haka aka gina tashar Lekki mai zurfin mita 16 da rabi, wadda aka buɗe a 2023. Bayan an sauke ma da sauran aiki: kwastan, layin fita, sannan tafiyar kilomita 1,000 zuwa nan.

Ki nemi ya ba ki lambar kwantenar. Haruffa huɗu ne da lambobi bakwai, a rubuce a jikin ƙofarta da cikin takardar lodi. Ki sa yaro ya shigar da ita a shafin intanet na kamfanin jirgin, zai nuna miki tashar da aka loda ta da ranar da aka sauke ta.