Tambaya da Amsa: Sauya Tankin Bahaya a Jirgin Ruwa Mai Filafilai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a ƙasar Holan, inda ni da abokin aikina muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa. Damuwarmu ita ce ɗoyin banɗaki ya cika ɗakin kwana, kuma tankin da ke tara bahaya, wanda na alminiyom ne, ya fara yoyo ta ƙasa. Abokina yana ganin a yi masa walda a huta, ni kuwa ina ganin a sayi sabo. Wanne ya fi, kuma shin dole ne a taɓa tiyo-tiyon da ke haɗe da shi? Daga wani mai karatu a Holan.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka fi abokinka gaskiya, amma ko kai ma ba ka kai ƙarshen maganar ba, domin sabon tanki shi kaɗai zai tsayar da yoyo ne, ba zai kori warin ba.

Fitsari yana cin alminiyom daga ciki, saboda haka hudar da kuka gani ita ce kawai ta riga sauran bayyana, kuma idan aka toshe ta da walda wata za ta ɓullo kusa da ita ba da jimawa ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma ba ya tsira, don yakan huje a wuraren da aka haɗa shi da walda. Abin da ya fi dacewa shi ne tankin roba mai kauri, wanda aka zuba shi dunƙule guda ba tare da haɗi ba, kaurin jikinsa tsakanin milimita 6 zuwa 10. Kafin ku biya kuɗi, ku haɗa kwali daidai girman tankin ku gwada shigar da shi ta ƙofar da zai bi, gama sau da yawa an riga an sa tsohon tanki kafin a rufe saman jirgin. Ku kuma tuna cewa lita 60 ta ruwa kilo 60 ce, don haka sai an ɗaure shi tamau, kada ya motsa idan igiyar ruwa ta taso.

Amma tushen warin, a mafi yawan lokuta, tiyo ne. Idan ƙazanta ta daɗe tana kwana a cikinsa, wari yakan ratsa jikin robar ya fito waje, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin sabuwar randa, kuma babu sabulun da zai gyara wannan. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa tsumma da ruwan zafi, a naɗe tiyon da shi, a bari ya huce, sannan a fita da shi waje a shinshina. Idan tsumman ya ɗauki wari, tiyon ya gama aiki. Bayan haka, haɗuwar fitsari da ruwan teku mai gishiri na haifar da wani ɓawo mai tauri da ke manne wa cikin tiyo har hanyar ta ƙuntata. Shawarata ita ce a cire su gaba ɗaya, a sa irin wanda aka yi musamman don banɗakin jirgi, mai faɗin milimita 38, a kuma shimfiɗa shi gajere yana gangarawa, ba tare da wani kwari da ruwa zai tsaya a ciki ba. Yana da tsada, amma mai arha zai dawo da ku inda kuka fara.

Abu na gaba da mutane ke rainawa shi ne bututun shan iska na tankin. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa inda babu iska su ne ke fitar da warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, alhali masu buƙatar iska suna narkar da ƙazanta ba tare da ɗoyi ba. Tsofaffin jirage sukan zo da bututun milimita 16, wanda ya yi kaɗan. Ku mai da shi 25, ya tafi miƙe zuwa waje.

Wajen aikin kansa, a fara kwashe tankin a tashar zuƙe ƙazanta, a ɗauraye shi sau da dama, a rufe bawul ɗin (wato makunnin buɗe ko rufe hanyar ruwa) da ke jikin jirgi wanda ke buɗewa zuwa teku, a sa safar hannu da takunkumi, kuma a toshe bakin kowane tiyo da leda da zarar an cire shi. Sabon tiyo yakan yi laushi idan aka tsoma bakinsa a ruwan zafi. Duk mahaɗar da ke ƙasa da matakin ruwa, wato inda ruwan teku ke kaiwa a jikin jirgi, a ɗaure ta da kilif biyu marasa tsatsa, wato maɗauran ƙarfe masu matse tiyo. Idan shi masai ɗin ma yana ƙasa da matakin ruwa, wajibi ne tiyonsa ya yi lanƙwasa mai bawul ɗin iska, wadda za ta zauna sama da ruwa ko da jirgin ya karkata, in ba haka ba ruwan teku na iya biyo tiyo ya malalo cikin jirgi har ya nutsar da shi. Wannan ba wurin yin tsimi ba ne.

Kada ku yi tunanin cire tankin ku riƙa zubarwa kai tsaye. Holan ta haramta wa jiragen shaƙatawa zubar da ruwan masai a ruwanta tun farkon 2009, Suwidin ta bi sahu a 2015, a Amurka kuma ba a yarda a zubar da ɗanyen bahaya ba sai an wuce mil 3 na teku daga gaɓa. Idan kun gama haɗawa, ku cika tankin da ruwa mai tsabta, ku zuba masa ɗan launin abinci, ku bar shi ya kwana, sannan ku bi kowace mahaɗa da farar takarda kafin ku mayar da katakon da ke rufe wurin.