Yayarki ta daina zuwa coci tun rasuwar mijinta

Sannu da haƙuri 'yar'uwa. Kin ce tun da mijin yayarki ya rasu ta daina zuwa coci, ko addu'a ba ta iyawa, kina tsoron bangaskiyarta ta yi sanyi.

Ni dai ban ga haka ba. Yesu ma ya yi kuka a kan mutuwar abokinsa Li'azaru, abokan Ayuba kuma kwana 7 suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suka ɓata abin. Ki riƙa zuwa wurinta kawai, ki kai tuwo, ki kwashi yaran zuwa makarantar Lahadi, musamman yanzu da 'yan gaisuwa suka watse. Addu'ar ke ki yi mata, gajeriya, ko ki karanta mata Zabura 34.

Ban da "daina kuka, ke fa mai bi ce", ban da binciken zunubin wa ya jawo.

Ki sanar da fasto da Zumuntar Mata. Amma in ba barci ba cin abinci, ko tana cewa gara ta bi shi, kar a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina.