Baba ya ce a ba ni wakilci, Baffa ya ce ina kira masa mutuwa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa a Kejetia, gidanmu yana Aboabo a nan Kumasi. Bayan babbar sallah mahaifinmu ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi bakinsa ya dawo, hankalinsa garau, amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ko kofin koko sai na riƙe masa. Ni ce a kansa dare da rana, domin Yaya yana Jamus.

Rannan na je banki in ciro masa kuɗin magani, suka ce sai mai asusu ya zo da kansa. Haka muka ɗauko tsoho a tasi, mutum biyu na riƙe da shi, yana sunkuyar da kai don kunya. Da muka dawo ya ce, "Ki nemo lauya a rubuta miki wakilci." Ya ƙara da cewa in ciwo ya ci ƙarfinsa, kada a bar shi kwance a kan na'ura, a maido shi ɗakinsa. Da na faɗa wa Baffa, sai ya ce ina kira wa ɗan'uwansa mutuwa, wai idona na kan gidan hayar Baba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

'Yar Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Alhaji lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki share hawayenki, ba ki yi laifi ba. Wakala, wato wakilci, tana cikin littattafan fiƙihunmu, kuma takarda ba ta taɓa matso da ajalin kowa ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne lokaci. Mai cikakken hankali ne kaɗai yake naɗa wakili. In ciwon ya sake bugunsa ya taɓa tunaninsa, ƙofar ta rufe, sai zaryar kotu. Don haka kada wata ya mutu ba ku yi ba, kuma ki roƙi likitansa ya rubuta shaidar cewa yana cikin hayyacinsa.

Hannun da ya shanye ba zai hana ba. Dokar wakilci ta Ghana ta 1998 ta ce in mai bayarwa ya sa hannu da kansa, shaida ɗaya ya isa. In kuwa wani ya sa a madadinsa, bisa umarninsa kuma a gabansa, sai da shaidu biyu. In Alhaji ba ya karanta Turanci, a fassara masa da Hausa, a rubuta a ƙasan takardar cewa an yi haka. In kuɗin lauya ya yi nauyi, ki tuntuɓi ofishin Legal Aid na Kumasi, wato hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.

Ga abin da zai kashe bakin tsanya: a taƙaita wakilcin ga cirar kuɗin jinya da karɓar haya, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ban da sayar da gida. Kuma wakilci irin wannan yana faɗuwa ranar da mai shi ya cika, daga nan sai rabon gado, kowa da rabonsa. To, ina kwaɗayin yake?

Maganar na'ura kuwa daban take, kada a cusa ta cikin takardar kuɗi. Majiyyaci mai hankali yana da haƙƙin amincewa da magani ko ƙin sa. Alhaji ya zauna da likita a bayyana masa abin da kowace na'ura take yi, ya ji ta bakin malamin da ya yarda da shi, sannan a rubuta abin da ya zaɓa da sunan wanda zai yi magana a madadinsa, a sa a fayil ɗinsa na asibiti.

Baffanki kuma, ina jin tsoro ne ya yi masa yawa, ɗan'uwa ai ba wasa ba ne. Kada ke ki sake tayar masa da zancen. Alhaji ya kira shi da kansa bayan sallar Juma'a, a gaban liman, Yayanku yana kan waya, ya faɗa da bakinsa. In Baffa ya sauko, a sa shi cikin shaidu. Ke kuma ki sayi ɗan littafi, duk sidin da ya fita ki rubuta, ki liƙa rasit, ƙarshen wata ki ɗauki hoto ki tura musu.