Amsa ga Hajiya kan maganin ulsar Inna

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki tun da hantsi, sai yanzu na samu sararin amsawa. Kin ce Inna ta kai wata takwas tana shan omeprazole kullum da safe, kuma daminar nan sau biyu gudawa na kwantar da ita, kina tambaya ko da alaƙa. E, tana iya yiwuwa ƙwarai.

Kin ga asid ɗin nan na ciki da muke ta zagi, mai kawo ƙwannafi? Ba abinci kaɗai yake narkarwa ba. Mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke shiga ta ruwa ko abinci, a cikinsa suke mutuwa kafin su kai hanji. Omeprazole da 'yan uwansa, pantoprazole da esomeprazole, famfon da ke fitar da asid ɗin suke toshewa. Sati biyu ko wata ɗaya ba wata matsala, a nan ne gyambon ke samun warkewa. Amma wata takwas? Ƙwayar kwalara ba ta jure asid ko kaɗan, shi ya sa mai ƙarancinsa 'yar kaɗan ta ishe shi kamuwa. Ki duba yadda muke a Gusau da damina, ruwan 'yan ga-ruwa, rijiyoyin da ambaliya ke shiga, ki tuna abin da amai da gudawa ya yi mana a 2021.

Akwai kuma wata ƙwaya, C. difficile, mai kawo zawo mai naci, musamman ga tsofaffi da wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tun 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta game da magunguna irin su omeprazole.

Sai fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. Idan suka haɗiye ƙwayar cuta, cikin wata 'yar jaka mai asid suke jefa ta su narkar. A ɗakin gwaji an ga maganin na rage musu wannan ƙarfin. Ga shi kuma idan an daɗe ana sha, jiki ba ya zuƙar bitamin B12 da sinadarin ƙarfe yadda ya kamata, tsohuwa ta yi ta kasala a ce tsufa ne.

Abin da ke ci mini rai wallahi, kullum sai na ga an zo kemis da tsohon kwali a hannu, "a ba ni irin wannan," shekara guda ba wanda ya sake duba mutum. Alhali sau da yawa tushen gyambon wata ƙwaya ce, H. pylori, da ake kashewa da haɗin magunguna cikin kwana 14. Wasu kuma diclofenac da suke sha don ciwon gwiwa shi ke cinye musu ciki.

Don Allah kar ki tsayar mata da omeprazole ɗin yau-yau, asid ɗin kan dawo da ƙarfi, kuma akwai waɗanda dole su ci gaba da sha. Ki kai ta wurin likita da duk kwalayen da take sha, har na gwiwar, a yi mata gwajin H. pylori. Kafin nan a riƙa tafasa mata ruwan sha, a ajiye ORS a gida. In kuwa kika ga bayan gidanta ya yi baƙi ko ta yi aman jini, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti. Ki gaishe mini da ita, Allah ya ba ta lafiya.